Garatuti: Hannun Wanda Ka Sani ko Hannun Mai Lasisi?

Malamin firamare a Sule Tankarkar, ko ma'aikacin lafiya a Gagarawa, ko akawun ƙaramar hukuma a Gumel, yakan yi aiki sama da shekara 30 bai taɓa riƙe abin da ya wuce albashin wata da ɗan rancen banki ba. Sau ɗaya tak kuɗi masu kauri ke shiga hannunsa, wato ranar da garatutinsa ya faɗo. Kuma a lokacin ne ba shi da sararin yin kuskure: ƙarfi ya ja baya, albashi ya tsaya, babu wani garatuti na biyu da ke tafe. Matashi in ya yi asara sai a ce Allah ya mayar da alheri, ya sake lale. Dattijon da ya haura 60 in ya yi asara, da wuya ya sake miƙewa.

Ta wannan fanni Jigawa ta fi jihohi da yawa sa'a. Tsarin fanshonta na karo-karo ne: ana cire kashi 8 cikin 100 na albashin ma'aikaci, gwamnati ta ɗora kashi 17, a tara a asusu ɗaya ƙarƙashin hukumar fansho ta jiha da ƙananan hukumomi da ke Dutse, wadda ke sallamar ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi da malaman firamare. Jihohi da dama sun turo wakilai su ga yadda ake tafiyar da shi. A wasu wuraren tsoho kan rasu yana jiran haƙƙinsa; a nan, ko da an ɗan jira, kuɗin na fitowa. Sai dai mai jira ba shi kaɗai ne ke sauraron sanarwar biya ba. Duk garin da ake biyan 'yan fansho a kan kari, masu neman raba su da kuɗin sun fi kowa sanin ranar.

Daga nan muhawarar ta taso, kuma ana yin ta a majalisar bayan la'asar, a ƙofar masallaci, a ɗakin malamai. Wasu na cewa dattijo ya ba wanda ya sani, ɗan kasuwar da ya san asalinsa da gidan ubansa, ya juya masa. Wasu na cewa a'a, ya nufi inda ke da lasisi da dokar da ke tsaye a kai, ko da bai san fuskar kowa a wurin ba.

Masu cewa a ba na gida ba da ka suke magana ba, kuma babbar hujjarsu tana ci duk ranar Alhamis a Maigatari. Wanda ya shiga karar dabbobi da hantsi zai ga shanu da raƙuma da raguna da aka koro daga ƙasar Damagaram, daga Magarya da Dungas da abin da ya yi sama, ga tireloli a jere suna jiran lodi zuwa Kudu. Dillali na riƙe da hannun mai saye, yana waiwayar mai dabba, ana taya ana "albarka", har a kai ga "na sallama". A cire la'ada, a yi wa sa alama, a wuce na gaba. Miliyoyin naira na sauya hannu a haka, sau da yawa babu ko guntun takarda. Falke kan ɗauki kaya ya ba da rabi, sauran sai Alhamis mai zuwa, mai masaukinsa ya tsaya masa. Masu wannan ra'ayi sai su tambaye ka: wace hukuma ce ta ba waɗannan mutane lasisi? Amma kasuwar na ci shekara da shekaru, domin wanda ya ci amana sau ɗaya ya gama cin kasuwa a nan. An san unguwarsu, an san surukansa, akwai shugabannin kasuwa, akwai mai unguwa da dagaci da hakimi, har zuwa fadar Gumel in abin ya yi tsamari. Kamfanin da ofishin ƙorafinsa ke Abuja ko Legas fa, in ya riƙe maka kuɗi, ƙofar wa za ka je ka zauna?

Hujjarsu ta biyu ta fi zafi, kuma duk mai cefane ya san ta. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, hauhawar farashi kuma ta zarce kashi 34 cikin 100 a ƙarshen wannan shekarar. Lissafin ba wuya: in farashi na hawa da kashi 30 a shekara, naira miliyan 5 da aka bari kwance za ta zo baɗi ba ta iya sayen abin da miliyan 4 ke saye bana. Ba wanda ya taɓa kuɗin, amma an yi asara. Sa kuwa, ko buhun riɗi, ko gona, farashinsu na tafiya tare da kasuwa. Mutanen bakin iyaka, da ke ganin yadda sefa ke danne naira a hannun 'yan canji, ba sai an yi musu dogon bayani ba.

Sannan su kawo maganar da ke kashe bakin abokan muhawararsu: su wa suka fi cin kuɗin 'yan fansho a ƙasar nan, 'yan kasuwar ƙauye ko masu ofis? Abdulrasheed Maina, wanda aka ɗora ya gyara harkar fansho ta tarayya, Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ɗaure shi shekara 8 a watan Nuwamba 2021 kan halasta kuɗin haram da suka kai wajen naira biliyan 2. Kafin shi, a Janairu 2013, John Yakubu Yusuf na ofishin fanshon 'yan sanda ya amsa laifi a badaƙalar biliyoyin naira, aka ba shi zaɓin tarar naira 750,000, ya biya ya tafi gida, sai daga baya Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tsananta hukuncin. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, tsofaffi sun wuni a layin banki ba su iya taɓa guminsu ba. A watan Yuni 2024 Babban Banki ya soke lasisin bankin Heritage. A ɗora da damuwar da ke zuciyar mafi yawan dattawanmu, cewa ba sa son su ƙare rayuwa suna cin kuɗin ruwa. Wanda ya raina waɗannan hujjoji bai zauna da 'yan fansho ba.

To, ɗaya ɓangaren me suke cewa? Farkon abin da suke faɗa shi ne da ɗan gari akan ci gari. Damfarar da ta fi yi wa ma'aikata ɓarna ba baƙo ne ke kawo ta ba. Lokacin MMM, wadda Sergei Mavrodi na Rasha ya ƙirƙira, mai alƙawarin ƙarin kashi 30 cikin 100 a wata, ba wani Bature ne ya bi ofisoshi yana tallarta ba. Abokin aiki ne ya nuna wa abokin aiki alat a wayarsa, ɗa ya shigar da uba, har aka rufe asusun mutane a watan Disamba 2016. Haka CBEX, wadda ta yi alƙawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, ta rushe a Afrilu 2025, har waɗanda abin ya shafa suka afka wa ofishinta a Ibadan. Abin baƙin cikin shi ne yawancin masu jawo mutane ba maƙaryata ba ne. An biya su da gaske a watannin farko, daga kuɗin waɗanda suka shigo bayansu, shi ya sa suke rantsuwa da zuciya ɗaya. Sanin halin mutum ba ya kare ka a nan, domin shi ma an rufe shi.

Kuma ko an ajiye damfara gefe, in ji su, kasuwa ba ta yi wa kowa alƙawari ba. An rufe iyakokin ƙasa a Agusta 2019, sai a Disamba 2020 aka buɗe guda huɗu, Maigatari na cikinsu. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa har zuwa Maris 2024. Duk wanda jarinsa ke kan dabbar da za ta tsallako ya ji a jikinsa. Akwai lokacin da ƙasar Meziko, babbar mai sayen zoɓon Nijeriya, ta dakatar da karɓa saboda ƙwaro, masu kaya a sito suka rasa mai taya. Waɗanda suka sayi hatsi da tsada suka ajiye a ƙarshen 2024, suna jiran bazara, da yawansu sun sayar ƙasa da yadda suka saya da farashi ya karye a 2025. Ɗan kasuwa na haƙiƙa yana da ƙafa goma, in ɗaya ta karye ya taka sauran. Ɗan fansho da ya zuba komai wuri ɗaya ba shi da wannan.

Sai maganar kunya, wadda a ganina ita ce mafi ƙarfi a bakinsu. An ce in na gida ya ci amana akwai dagaci da hakimi. Gaskiya ne, amma dattawa nawa ne za su kai ƙarar surukinsu, ko ɗan wansu, ko wanda suke sahu ɗaya da shi a masallaci? Abin da aka saba gani shi ne a yi ta "Alhaji a ƙara haƙuri, kaya ba su fita ba", wata ya bi wata, har maganar ta zama abin da ba a tayarwa. Tsoho ya haɗiye, hawan jini ya biyo baya.

Game da Maina kuwa, amsarsu ita ce an yi wannan ɓarna ce a tsohon tsari, inda kuɗi ke zube a hannun jami'ai, ana cusa sunayen bogi. Dokar gyaran fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ta raba aikin gida biyu ga ma'aikatan tarayya da na kamfanoni: kamfanin da ke juya kuɗin daban, wanda ke ajiye su daban, hukumar PenCom na sa ido. Bankin Heritage ma da ya faɗi, hukumar inshorar ajiya ta NDIC ta biya masu ajiya har zuwa naira miliyan 5 kowanne, iyakar da aka ɗaga a watan Mayu 2024. Ta ƙananan bankuna kuma miliyan 2 ce. Wane ɗan kasuwa ne in ya karye wani zai biya maka ko sisi a madadinsa? Mai gudun kuɗin ruwa kuma yanzu yana da mafita: bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021, gwamnatin tarayya ta fara sayar da Sukuk a 2017 da naira biliyan 100, ana gina hanyoyi da kuɗin ana biyan masu jari haya, PenCom ma ta buɗe asusun fansho marar ruwa a 2021.

Da na auna maganganun nan, na ga ɓangaren farko sun yi gaskiya a kan naira, sun yi gaskiya a kan kusanci, amma sun haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne. Amanar da ke tafiyar da karar Maigatari tana da ginshiƙai. Dabbar tana tsaye ana ganin ta, ana duba haƙoranta. Wa'adin gajere ne, mako ɗaya ko biyu. Ciniki a bainar jama'a ake yin sa, dillali shaida ne, mai masauki lamuni ne. Kuma duka ɓangarorin 'yan sana'ar ne, kowa ya san farashi. Yanzu a dubi yadda ake karɓar kuɗin ɗan fansho. Bayan isha'i ne, a zaure, mutum biyu. Kayan ba a gan su ba, wai suna hanya, ko suna Kwatano, ko suna cikin waya. Ba ranar dawowa. Wanda ya ba da kuɗin alli ya riƙe duk rayuwarsa, bai san bambancin riɗin da ya bushe da wanda aka jiƙa don ya yi nauyi ba. In ya ce a rubuta, sai a ɓata fuska: "Haba Baba, ni da kai har sai da takarda?" Babu ɗaya daga ginshiƙan Maigatari a wannan zaure. Sunan amana kawai aka aro.

Abin mamaki, addinin da ake fakewa da shi wajen ƙin rubutu shi ne ya yi umarni da rubutun. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Kuma malaman fiƙihun Malikiyya da ake karanta littattafansu a zaurukanmu sun yi bayanin ƙiradi filla-filla: mai dukiya ya ba da jari, mai juyawa ya sa ƙarfinsa, a raba ribar da aka samu bisa kason da aka yi yarjejeniya, rabi ko sulusi. Ba a yanka wa mai dukiya wani adadi tabbatacce duk wata, ba a kuma ɗora wa mai juyawa lamunin uwar kuɗi in ba sakaci ko ha'inci ya yi ba. Ke nan duk wanda ya zo ya ce "uwar kuɗinka na nan daram, kuma duk wata ga dubu kaza, halal ce tsantsa", maganarsa ta saɓa wa fiƙihun tun kafin a je ga lissafi. Lissafin ma ba ya ɗaukarta. Naira miliyan 1 mai ƙaruwa da kashi 30 duk wata za ta haura miliyan 23 a shekara. Wanda ya san sana'ar da ke haifar da haka ba ya buƙatar garatutin malamin firamare.

Amma ɓangare na biyu su ma suna wuce gona da iri in suka mai da lasisi kamar laya. Da farko, wace takarda? Masu damfara sun iya rataya takardar rajistar kamfani ta CAC a bango cikin gilashi, alhali ita shaida ce kawai cewa an yi wa suna rajista. Izinin karɓar kuɗin jama'a don juyawa daga hukumar SEC yake fitowa, na banki daga Babban Banki, na fansho daga PenCom, na inshora daga NAICOM, kuma kowaccensu na wallafa sunayen waɗanda ta amince da su a shafinta na intanet. Dokar zuba jari da aka sa wa hannu a Maris 2025 ta tanadi ɗauri har na shekara 10 ga masu shirya irin wannan damfara, amma ɗaurin ɓarawo ba ya dawo da kuɗin da aka riga aka fitar waje. Na biyu, mai lasisi ma ɗan kasuwa ne. Jami'in kwastan ko na shige da fice da ya gama aiki a bakin iyakar Maigatari zai zaɓa tsakanin barin kuɗinsa a kamfanin fansho ana yanka masa duk wata, ko miƙa su ga kamfanin inshora da zai biya shi har ƙarshen rayuwa. Wakilan kamfanonin biyu za su zo da fara'a, kowanne na kushe ɗan'uwansa, kuma kowanne akwai abin da zai samu in an sa hannu. Ba laifi ba ne mutum ya ci la'ada, dillalin kara ma yana ci, sai dai shi tasa a fili take. Mai ba da shawarar da aka tambaya "nawa za ka samu in na yarda?" ya hau kame-kame, a bar shi.

Na uku, kuma wannan ne ya fi damuna: ina mai ba da shawarar yake? Cewa dattijo a wani ƙauyen Gagarawa ya nemi ƙwararre mai rajista magana ce mai daɗi a takarda. A zahiri wanda ke kusa da shi mai POS ne a bakin tasha. Na tsaya a irin wannan rumfa na ga tsoho ya miƙa katinsa, ya faɗi lambar sirrinsa da ƙarfi don yaron ya danna masa, mutum biyar na tsaye suna ji. Ba wauta ba ce, idonsa ne ba ya ganin madannan. Irin wannan dattijo ne ake kira a waya a ce daga ofishin fansho ne, sunansa ya fito a jerin waɗanda za a biya bashin ƙari, ya turo kuɗin fayil ko ya karanto lambar da ta shigo masa yanzu. Hukumar PTAD, da aka kafa a 2013 don 'yan fanshon tarayya na tsohon tsari, ta sha nanata cewa ba ta karɓar ko kwabo kafin ta biya haƙƙi. A kan wannan kam babu muhawara: ba a sayen haƙƙin fansho, ba a kuma faɗa wa kowa lambar BVN ko lambar sirri a waya.

Inda na tsaya shi ne, ban yarda a ba na gida don an san shi kawai ba, ban kuma yarda a ba kamfani don yana da tambari kawai ba, amma in dole sai na karkata, kaso mafi girma ya zauna inda doka za ta iya ƙwato shi ko inda ido ke ganinsa: rufin gida, gonar da aka yi cinikinta gaban dagaci da shaidu aka karɓi takarda, Sukuk ko ajiya a bankin da ke ƙarƙashin inshorar NDIC. Abin da za a juya a kasuwa ya zama wanda in ya salwanta ba za a kwana da yunwa ba, kuma a yi shi irin na Maigatari: turkar raguna ana ganinsu a bayan gida, ko buhunan da mai kuɗin ya ƙirga da hannunsa ya san sitonsu, da wa'adi, da kason riba a rubuce, da shaidu biyu waɗanda ba yaran mai karɓar ba ne. Mutumin kirki ba ya jin haushin takarda, don shi ma tana kare shi ranar da magada za su zo tambaya. Kuma kada a yanke komai a makon da kuɗin suka shigo. Duk wanda ya ce dama ce za ta wuce in ba a biya gobe ba, a bar ta ta wuce.

Sai dai ba daidai ba ne a jibge wa tsoho wannan nauyi shi kaɗai. Hukumar da ta iya tara kuɗin ma'aikaci shekara da shekaru za ta iya zaunar da shi wuni ɗaya kafin ta sallame shi, a Gumel ba sai a Dutse ba, da Hausa, tare da malamin da ya san babin ciniki da wanda ya san harkar banki amma ba ya sayar da komai. Ƙungiyar 'yan fansho da ta malaman makaranta suna da rassa a ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel. Su ne ya kamata su riƙe jerin kamfanonin da ke da izini, su duba wa duk wanda ya zo da wata takarda. Limaman Juma'a su yi huɗuba kan sharuɗɗan ƙiradi kamar yadda suke yi kan zakka. Gwamnati kuma ta tuna sashe na 210 na tsarin mulki, wanda ya ce a sake duba fanshon ma'aikatan jiha duk shekara 5 ko duk lokacin da aka sake duba albashi, domin fanshon da ba ya kai wa ƙarshen wata shi ne ke tura mai hankali hannun masu alƙawarin ninki.

Akwai kuma waɗanda ba a cika sa su a wannan muhawara ba, alhali sun fi kowa shiga haɗari: matan da mazansu suka rasu a bakin aiki. Hukumar fanshon Jigawa na biyan haƙƙin mamaci, kuɗin kan fito a dunƙule, kuma sau da yawa wani namiji a dangi ne ke kai-kawon takardun tun matar na cikin takaba. Shi ne zai ce a kawo ya juya wa marayu. Wataƙila da niyyar alheri ya faɗa, amma matar ba ta da bakin cewa a rubuta, yaran kuma ba su kai su tambaya ba. A nan ya kamata sharaɗin ya fito daga sama: kada a saki kuɗin sai kotu ta raba gado, kason kowace mata ya shiga asusun da ke ɗauke da sunanta, na ƙananan yara kuma a rubuta wanda aka damƙa wa, da abin da zai yi da shi, da lokacin da zai zo gaban alƙali ya ba da bayani.